Durƙuso da Sufetonsa

Durƙuso ake ce masa, kuma wanda ya laƙa masa sunan bai yi masa ƙazafi ba. Duk wanda ya san shi, a durƙushe ya san shi: gwiwoyi a kan wani tsohon matashi da ya yi baƙi ƙirin da mai, tsumma a hannun dama, yana ja da baya kaɗan-kaɗan daga ƙuryar ɗaki zuwa bakin ƙofa. In ka gamu da shi a tsaye a titi, sai ka ɗan yi jim kafin ka gane shi. Sana'arsa gyaran daɓen katako. Ya goge shi da samfefa, ya shayar da shi mai haɗe da kakin zuma, ya murza shi har ya yi laushi a tafin ƙafa, shekara ta zagayo ya dawo ya sabunta. In kana son ganin ɓacin ransa, ka kira shi kafinta. Bai taɓa buga ƙusa a bakin aiki ba, shi dai a nuna masa katakon da wani ya shimfiɗa a bar shi da shi.

A hannun wani tsoho mai baƙar magana ya koyi aikin, mutumin da har ya koma ga Allah bai taɓa ce masa sannu ba. Abin da ya gada daga wurinsa bai fi a ƙirga ba, amma ya riƙe shi da hannu biyu. Ɗan mai kaɗan ake shafawa, a bi tsawon katakon, ba a ratsa shi. A bar shi ya sha na ɗan lokaci, sannan a share duk abin da bai shanye ba, tas, kafin ya fara kamawa. Wanda aka bari a sama ba bushewa zai yi ba, danƙo zai zama, ya yi ta kama ƙura da gashi da tafin takalmi har sai an kankare. Tsummokaran man kuwa ba a dunƙule su a jefa lungu, a bokitin ruwa ake tsoma su, don in an tara su suna iya kamawa da wuta su kaɗai. Wannan na ƙarshe Durƙuso ya faɗa wa masu gidaje har sun gaji da ji.

Da wannan aikin ya yi aure, da shi ya reni 'ya'ya biyu a ɗaki ciki da falo a saman shagon wani mai gyaran keke. Babba, namijin, ya girma ya samu aikin ofis. Auta ta yi aure a wani gari mai nisa. Daɓen gidan nasu kuwa siminti ne, mai tsagewa tun daga ƙofa har ƙarƙashin gado, kuma matarsa ba ta taɓa barin maganar ta huce ba.

"Shekara da shekaru kana yi wa mutane ado a ƙarƙashin ƙafa," in ji ta, "ni ko tabarmar kirki ban samu ba."

"Ke ai ƙafarki ta fi ƙarfin katako," in ji shi, "tsagewar nan ma wa ya yi ta?"

Haka suke, kullum suna cikin tsiya, kuma ɗaya bai iya cin abinci in ɗaya bai zauna ba.

Sannu a hankali duniya ta juya wa katako baya. Aka shiga yayin tayil. Gidajen da ya yi rabin rayuwarsa yana rarrafe a cikinsu, magada suka zo suka ɓamɓare daɓen suka zubar a bayan gida, ruwa ya yi ta dukansa. Waɗanda suka bar nasu kuma suka kira masu inji, aka malala musu fentin nan mai ƙyalli da ke rufe katako kamar an naɗe shi a leda. Durƙuso ya tsani fentin nan kamar me. Nasa aikin in wuri ɗaya ya ƙarce, wurin kaɗai za a goge a shafa, ya saje da sauran. Nasu kuwa in ya tsage sai an kankare ɗakin gaba ɗaya. Ya faɗa, ya sake faɗa, wa zai saurare shi? Gida ɗaya tak ya rage masa, gidan benen wata tsohuwar Hajiya, mai falo babba da matakala da ɗakunan sama, duka katako. Ɗaki-ɗaki yake bin gidan, kafin ya kai na ƙarshe na farko ya isa sabuntawa. Da gidan nan kaɗai suke ci, suke biyan haya.

Sai kuma ido ya fara. Da farko gefe-gefe ne ya yi duhu, daga baya tsakiyar ma ta zama kamar mutum na leƙe ta gilashin da aka shafa wa man girki. Likita ya ce ba yana ba ce da za a cire, jijiyar ce ke mutuwa, sai dai a yi ta ɗiga magani a rage mata sauri. Ga mai irin aikinsa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shafa mai dai ko ido rufe zai shafa. Sharewar ce matsala. Ragowar man ba a gane shi sai an koma bakin ƙofa an kwantar da kai ƙasa an dubi daɓen ta fuskar hasken taga: inda ya sha zai yi dishi-dishi, inda ya kwanta zai yi ƙyalli. Hannu ba ya taimako, don hannun da ya wuni cikin mai komai ya taɓa mai yake ji.

Bai gaya wa Hajiya ba. Matarsa ma bai gaya mata iyakar abin ba, ita ta gano da kanta, ranar da ta ga ya zuba shayi a gefen kofi yana ta surutunsa bai ko lura ba. Washegari ya fito da jakar aiki ya tarar da ita a bakin matakala, ta yafa mayafi, ta rungumo 'yar kujerarta ta tsuguno.

"Ina zuwa da kujera?"

"Inda za ka. Zaman gidan ya ishe ni."

Tun daga ranar aikin ya zama na mutum biyu. Ta ajiye kujerar a bakin ƙofar ɗakin da ake yi, ta sunkuya, ta karkata kai. Shi yana shafa fili kamar tsawon hannu, ya jira, ya share, ita kuma tana ba da umarni.

"Hagunka. A'a, hagu na ce, Malam, ko shi ma hagun ya ɓace maka? Gaba kaɗan. Nan. Murza. Saura wani ɗan tsigil kusa da ƙafar taga."

"To, Sufeto. An gama, Sufeto?"

"Da saura. Ni za ka yi wa aikin ha'inci?"

Sunan ya bi ta. Har Hajiya, da take zaton rakiya ce kawai irin ta tsofaffin da ba sa son rabuwa, Sufeto take kiranta, tana aiko mata da shayi. Kuma wallahi daɓen gidan bai taɓa kyau irin na shekarun nan ba, don matar ba ta ɗaga ƙafa ko na ɗigo ɗaya. Su ne shekarun da Durƙuso ya fi jin daɗin aiki a rayuwarsa, ga shi a lokacin da ido ke tafiya.

'Ya'yan fa ba su ji daɗi ba. Sun san da maganar idon uban, sun san uwar na fama da ciwon suga, kuma matakalar gidan hayar nan a tsaye take kamar tsani. Suka yi shawararsu ta waya, suka zo da ita a dafe. Babba yana da ɗan ɗaki ɗaya a bayan kicin, gado ɗaya yake ci, zai ɗauki uban. Auta za ta tafi da uwar, ta kwana tare da jikoki, ga asibiti kusa. Babu mai wurin mutum biyu a cikinsu, kuma kada a ɗauki alhakinsu, ba mugunta ba ce, iya abin da suke da shi ke nan. Amma dai ma'anarsa ɗaya ce: a raba tsofaffin, ɗaya gabas ɗaya yamma, sai dai a gaisa ta waya.

Durƙuso ya saurare su har suka kai aya, sannan ya ce, "Na roƙe ku abinci?"

"Ba haka ba ne, Baba."

"Na roƙe ku kuɗin haya? Muddin ina da aikina, ba inda za mu. Ni da uwarku tare aka gan mu, tare za a bar mu."

Babba ya dubi tsagewar simintin, ya ce, "To, Baba, na ji. Amma ranar da aikin ya gagara, don Allah kada ka ce mun yi maka rashin kunya. Ranar ba za mu sake tambaya ba."

"Na yarda," in ji Durƙuso, da ƙarfinsa, don ya san yana da Sufeto.

A shekarar da abin ya faru, babban falon ne ya isa sabuntawa. Aka fitar da kujeru, aka naɗe dardumomi, ya wanke daɓen da ɗan ruwa kaɗan, ya bi wuraren da ƙafa ta cinye da samfefa mai laushi, ya share ƙura har sau nawa. Sannan ya buɗe gwangwanin haɗinsa, ƙamshin kakin ya cika ɗakin, ya durƙusa a ƙurya. Sufeto ta zauna a bakin ƙofa kamar kullum. Sai dai ranar ba ta da yawan magana. Ya share fili na farko ya ce, "Yaya?" Ta ce, "Ya yi." Na biyu, "Ya yi." Can ta ce, "Ɗan ƙara murza damanka," ya murza, ta ce, "Shi ke nan." Babu hagunka, babu ɗan tsigil, babu zargin ha'inci.

Shi kuma, bawan Allah, sai ya ji daɗi! Ya ɗauka hannunsa ne ya ƙware har ya daina barin saura. Da ya ga aikin na sauri, sai ya riƙa faɗaɗa filin da yake shafawa, yana ɗan ƙara mai a tsumma don katakon falon ya daɗe da ƙishi. A hanyar komawa gida har da yi mata burga.

"Yau dai Sufeto ta rasa laifi. Ko in sallame ki ne?"

"Sallame ni mana," in ji ta. Ta kama gefen rigarsa da za su tsallaka titi, abin da ba ta saba yi ba. Ya ɗauka shi take riƙewa kada mota ta kwashe shi.

Ƙa'idarsa, ba a taka daɓe sai ya kwana biyu a rufe, sannan ya zo ya yi murzar ƙarshe da busasshen ƙyalle. Ranar komawa Sufeto ta ce kanta na ciwo, ya tafi shi kaɗai, ai murza ba ta buƙatar ido. Ya isa ya tarar da Hajiya a bakin falon, ta amsa gaisuwarsa a sanyaye.

"Malam, shiga ka gani. Jiya mai aiki ta buɗe don ta ɗauko abu, sai da ta baro silifa ɗaya a tsakiyar ɗakin."

Ya cire takalmi ya taka. Taku na farko lafiya. Na biyu ya ji ƙafarsa ta kama, ya ɗaga ta ta ce ɗaf. Ya durƙusa ya shafa da tafin hannu, yau hannun a bushe yake, ba abin da ya ɓoye masa. Danƙo ne, ba ɗigo-ɗigo ba, fili guda, ga wani, ga wani, tun daga ƙasan taga har kusa da ƙofa, ƙura da zare duk sun manne. Mafi girma yana nan daidai gaban inda kujerar Sufeto take zama. Mai ido ko daga tsakar gida ya leƙo zai hango shi. Ya yi ta rarrafe yana shafawa, yana neman wurin da zai ce a nan kuskuren ya tsaya, bai samu ba.

"Zan kankare," in ji shi. "Hajiya, a ba ni sati, zan mayar da shi yadda yake."

Da ma faɗa ta yi masa, da ya fi sauƙi. Da ta zage shi, da ya ba da haƙuri ya ɗauko ƙarfen kankara ya fara. Ina! Tausayi ta ji. Ta tsaya tana kallon yadda yake lalube, yadda ya miƙa hannu zai ɗauki silifar ya kama iska, sai ta gane abin da aka daɗe ana ɓoye mata.

"Tashi, Malam. Tashi, don Allah. Ashe haka kake fama ba ka faɗa ba? Wallahi ba zan ɗauki alhakinka ba. Ka yi wa gidan nan abin da ba wanda ya yi masa, ya isa haka. Yarana sun daɗe suna so a kira masu inji, bari kawai su zo."

Ya roƙe ta, shi da bai iya roƙo ba. Ta ce ya je ya huta. Kafin ya kai bakin titi ta riga ta kira Babba a waya, wai ya zo ya kula da mahaifinsa, tana ganin alheri ta yi. Irin wannan alherin, Allah ya raba mu da shi.

Tafiyar gida ta yi masa tsawo. Da farko fushi ne ya cika shi. Me ya hana ta magana? Barci take yi a kan kujerar? Ko ta haɗa baki da yaran ne, ta gaji da hawa matakala, tana son komawa wurin jikoki? Ya shirya maganganu masu zafi tun daga tashar mota har shagon mai gyaran keke. Ya hau sama, ya tura ƙofa a hankali. Tana zaune kusa da taga, rana tsaka, haske ya cika ɗakin, tana ƙoƙarin zura zare a allura. Ya tsaya a bakin ƙofa bai yi sallama ba. Da ɗan ganin da ya rage masa ya ga ta ɗago kai ta dubi wajensa, ta mayar da kai, ba ta san akwai mutum a wurin ba.

Duk maganganun da ya tanada suka zube. Ya yi gyaran murya, ta zabura.

"Malam? Ka dawo? Yaya daɓen?"

Ya zo ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Ya karɓi allurar, ya ji ashe a juye take, tsinin take ta cusa wa zaren, ya soke ta a gefen matashi.

"Tun yaushe?" in ji shi.

Ta ce, "Ya lalace ko?"

"Tun yaushe, Sufeto?"

"Tun muna ɗakunan sama ya fara. A can ina ɗan gani, ɗakunan ƙanana ne. Falon nan kuwa, wallahi Malam, fari kawai nake gani, kamar an zuba madara. Ina ta addu'a hannunka ya yi daidai."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In faɗa ka yi yaya? Ka samo wata Sufeton?" Ta so ta yi dariya, abin ya ƙi. "In na faɗa, ranar za a raba mu. Na ce ko wata ɗaya na ƙara mana, riba ce."

Shi ma abin da ya yi wa Hajiya ke nan, shekara da shekaru, kuma don dalili ɗaya. Baƙin ciki ya kama shi, ba na daɓen ba, na tuna yadda ya yi ta yi mata burga a hanya, tana riƙe da rigarsa don ba ta ganin titi. Ya ɗora kansa a gwiwarta, ta dafa shi. Suna nan a haka wayarsa ta fara ƙara a aljihu, ta yi ta yi ta katse, ta sake farawa. Dukansu sun san mai kira.

Babba ya cika maganarsa, bai sake tambaya ba. Cikin 'yan kwanaki aka raba kayan ɗakin kashi biyu, tukwane da akwatinta gefe guda, jakarsa da tufafinsa gefe guda. Gwangwanayen mai da tsummokara Babba ya ce ba wurin ajiye su, aka bar wa mai gyaran keke. Durƙuso ya tsaya yana yi masa bayanin yadda ake tsoma tsumma a ruwa, mutumin na cewa to, to, yana ɗaure tayar wani.

Auta ta zo da mijinta da safe, don hanyarsu da nisa. Su za su fara tafiya. Durƙuso ya ce shi zai sauko da matarsa, ba wanda ya hana shi. Ya riƙe ƙarfen matakala da hannu ɗaya, ita da ɗaya hannun, suka sauko a hankali, yaran na biye da su a baya. A bakin mota Sufeto ta laluba ta gyara masa wuyan riga.

"Ka riƙa ɗiga maganinka. Kuma kada ka dami matar yaron nan da surutu."

"Ke ma ki rage shan zaƙi a ɓoye. Na san ki."

"Sai mun yi waya."

"Sai mun yi waya."

Aka rufe ƙofa. Motar ta tashi, ta shiga cikin sauran motoci, a kwanar farko ta karya hagu ta ɓace. Durƙuso bai ga karyawar ba. Wata farar motar kaya ce ta miƙe titin sosai, ita idonsa ya kama, ita ya ɗaga wa hannu. Ya yi ta ɗagawa, yana ɗan ɗage ƙafa, yana matsawa bakin kwalta don Sufeto ta hango shi da kyau ta gilashin baya. Babba na tsaye a gefensa da jakar a hannu, ya ga komai. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya fasa, ya jira har uban ya sauke hannunsa don kansa.